Yadda ake sayen gida mai sassa a Kaduna, ka zauna a ɗaya 'yan haya su taya ka biyan bashin

Duk wanda yake haya a garin nan ya san wannan saƙon da ke shigowa saura wata biyu kuɗi ya ƙare, "Alhaji ya ce a gaya maka an ɗan yi ƙari bana", kuma ɗan ƙarin nan wani lokacin rabin abin da kake biya ne. To dabarar da zan yi bayani ba sabuwa ba ce, iyayenmu a Tudun Wada da Unguwar Shanu sun daɗe suna yi, mutum ya zauna a cikin gida ya ba da ɗakunan waje da shago haya. Bambancin kawai yanzu akwai banki a tsakiya, kuma banki ba ya jin "a yi haƙuri zuwa ƙarshen wata". Ka sayi gida mai sassa biyu ko uku ko huɗu da bashi, ka shiga ɗaya da iyalinka, sauran ka zuba 'yan haya, kuɗinsu ya riƙa tafiya wurin biyan bashin. A baki da sauƙi. Ga yadda ake bi, kuma duk da "kai" nake ta cewa har da ke Hajiya, mata da yawa sun fi mu iya riƙon gidan haya ma.

Da farko, biro da takarda kafin ka kira dillali

Kar ka je ganin gida ko ɗaya sai ka yi wannan, don in ka ga gida ya shiga ranka lissafi ba ya ƙara yin aiki. Bari in yi misali da lambobin da na ƙirƙira don a gane, kai sai ka sa naka. A ce gida ne na miliyan 30, falat uku kowanne ɗaki biyu da falo. Kana da miliyan 10 a hannu, za ka ranto 20. In ka samu a kan kashi 6 cikin ɗari na tsawon shekara 25, biyan wata zai kama wajen naira dubu 129, a shekara kusan miliyan 1 da dubu 550 kenan. A ce falat biyun da za ka bayar kowanne dubu 900 ne a shekara, ka ga miliyan 1 da dubu 800, sai mutum ya ce ai shikenan har da canji. A'a. Cire kashi 20 tukuna, saboda akwai watannin da sashe zai zauna babu kowa, akwai famfo, akwai kwashe sokawe, akwai fenti in wani ya tashi, akwai wanda zai biya rabi ya ce sauran sai an yi albashi. Abin da ya rage miliyan 1 da dubu 440. Ka ga bai rufe ba, akwai giɓin dubu ɗari da 'yan kai da za ka cike daga aljihunka, amma fa ka tuna kai ma ka daina biyan hayar dubu 900 ɗin da da za ka biya wani. Wannan ciniki ne mai kyau.

Yanzu ɗauki miliyan 20 ɗin nan ka kai ta bankin kasuwanci. A Nuwamban 2024 Babban Bankin Najeriya, CBN, ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5, bankuna kuma a saman wannan suke ɗorawa, to ko a kashi 25 aka ba ka, ruwa kaɗai a shekarar farko kusan miliyan 5 ne, hayar kuma ba ta kai 2 ba. Babu wani ɗan haya a Kaduna da zai fitar da kai daga wannan ramin. Shi ya sa ni a ganina duk dabarar nan a kan inda ka samo kuɗin ta tsaya.

Na biyu, ina kuɗin zai fito

Hanyar da aka fi sani ita ce asusun gidaje na ƙasa, NHF, wanda aka kafa da doka a 1992, bankin bashin gidaje na gwamnatin tarayya, FMBN, ke riƙe da shi. In kai ma'aikaci ne duba takardar albashinka, akwai yiwuwar an daɗe ana cire maka kashi 2.5 duk wata ba ka ma taɓa kula ba. Ɗan kasuwa ma yana iya yin rajista ya riƙa zubawa da kansa. In ka yi aƙalla wata shida kana zubi ka cancanci nema, ruwansu kashi 6, wa'adi har shekara 30, kuma iyakar da a da take miliyan 15 an ɗaga ta zuwa 50. Yawanci ba kai tsaye ake zuwa ba, ta wani bankin bayar da bashin gida mai lasisi ake bi, shi zai haɗa fayil ɗinka ya tura.

Abu uku ne mutane ba sa sani sai sun yi nisa. Ɗaya, albashinka suke dubawa, ba hayar da kake fatan samu ba, kuma ƙa'idar ita ce biyan wata kar ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ke shigo maka, wato mai son biyan dubu 129 sai ya nuna yana samun wajen dubu 390 a wata. In naka bai kai ba ka rage bashin, miliyan 10 a wannan tsarin dubu 64 da ɗoriya ne a wata. Biyu, shekarunka. Shekara 30 ɗin nan ba ta kowa ba ce, so ake ka gama biya kafin ritaya, mai shekara 40 zai samu wajen 20 ne, sai biyan watan miliyan 20 ɗin ya tashi zuwa dubu 143. Uku, bashin gidan zama ne, don haka ka gaya musu tun farko cewa gidan sassa ne kuma za ka zauna a ɗaya ka ba da sauran, su faɗa maka matsayinsu a rubuce. Kar ka ɓoye. Sannan abin yana cin lokaci, watanni ne ba makonni ba, mai gidan da yake sauri ba zai jira ka ba sai an yi magana ta fahimta.

Sai maganar da na san tana ran mai karatu tun ɗazu, ruwa. Kashi 6 ɗin ma ruwa ne, kuma mutane da yawa a nan ba za su taɓa ba, ni ba malami ba ne, ka je wurin malamin da ka yarda da iliminsa ka kai masa takardar yarjejeniyar kanta ba labarin baki ba. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, Jaiz da ya buɗe a 2012 kuma Kaduna na cikin rassansa uku na farko tare da Abuja da Kano, sai TAJ a 2019, sai Lotus a 2021. Tsarinsu ko dai su sayi gidan su sayar maka da riba sananniya ka biya a hankali, ko su saya su ba ka haya har ya zama naka, ko ku yi tarayya kana sayen kasonsu kaɗan-kaɗan. Amma kar ka ɗauka rashin ruwa na nufin araha, ribarsu ma tana bin yanayin kasuwa kuma wa'adinsu bai kai na NHF tsawo ba, don haka lissafin nan na sama ka sake yin sa da lambobinsu.

Kuɗin da za ka fara ajiyewa kuma, in kana cikin tsarin fansho na zubi, tun Satumban 2022 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta fitar da ƙa'idar da ta ba da dama a ciri har kashi 25 na abin da ke asusunka a sa a matsayin kason mai saye, in ka yi wata 60 ana zuba maka. Ka tambayi kamfanin fanshonka. Wasu kuma fili suke sayarwa ko su haɗa da kwasar adashi ko bashin ƙungiyar ma'aikata. Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne ka ci wani bashin mai tsada don ka cike wannan, bashi biyu a kan gida ɗaya.

Na uku, unguwa

Ba inda kake sha'awar zama za ka duba ba kawai, ka tambayi kanka wa zai kama haya a nan. Kusa da KASU ko Poli, ɗalibai da ƙananan ma'aikata, a nan ciki da falo da selkon ke tafiya. Mando da Kawo akwai sojoji da ma'aikatan da ke kewayen NDA da sansanin sojin sama. Rigasa tun da aka buɗe tashar jirgin Abuja a 2016 wajen ya canza. Malali da Unguwar Rimi da Unguwar Dosa haya na da tsoka amma kuɗin sayen ma ya yi sama, sau da yawa in ka raba hayar da farashin gidan sai ka ga unguwar talakawa ta fi biya. Millennium City da wajen Rigachikun akwai sauƙi amma ka duba hanya da tsaro da ko akwai mutane a layin. Barnawa da Narayi ma kasuwar haya na tafiya, kowa dai ya san garin nan da yadda mutane ke zaɓar inda hankalinsu zai kwanta, ka sayi inda kai da iyalinka za ku iya kwana don ku ma a ciki za ku zauna.

Kar ka yarda da kuɗin hayar da dillali ya faɗa maka. Ka dawo kai kaɗai da yamma, ka zauna wurin mai shayi ko mai kanti a layin ka tambaya nawa ake ba da falat irin wannan, kuma in ya tashi wata nawa yake yi kafin a kama.

Na huɗu, takardu, kuma nan ne ake kuka

Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa a hannun gwamna take, abin da kake saye haƙƙin zama ne, yawanci na shekara 99, kuma sayarwa ko jinginarwa sai da amincewar gwamna. A Kaduna KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jiha, ce ke riƙe da wannan harkar. Banki ba zai karɓi takardar mai unguwa ko ta hakimi ko rubutun "ni wane na sayar wa wane" da shaidu uku ba, C of O yake so, wato takardar shaidar haƙƙin zama da gwamnati ke bayarwa. Gidaje da yawa masu kyau a tsofaffin unguwanni ba su da ita, to ka sani tun farko, in babu ko dai mai gidan ya nemo kafin a yi ciniki ko ka haƙura.

Ka ɗauki lauya naka, ba na mai gida ba, ba wanda dillali ya kawo ba. Ya je KADGIS ya yi bincike a fayil, sunan wa ke kai, an taɓa jinginar da gidan a wani banki, akwai bashin kuɗin ƙasa na shekaru da aka tara, akwai rigima a kotu. Ya kuma duba ko ginin na da izinin KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, kuma abin da aka amince a zane shi ne abin da ke tsaye, don mutane kan samu izinin gida ɗaya su mayar da shi sassa huɗu har da shaguna a kan kwata. Duk wanda ya zauna a Kaduna lokacin El-Rufa'i ya ga yadda jan fenti a bango ke ƙarewa. Gidan da ke ƙarƙashin babbar wayar wuta ko ya shiga hanya ko filin makaranta, ko kyauta ne ka bar shi.

Sai gidan gado. Yawancin gidajen sassa da ke fitowa kasuwa da sauƙin kuɗi na gado ne, kuma ba laifi ba ne, amma sai ka ga babban wa shi ke ta gaba-gaba yana cewa ai duk mun yarda. Ka ce kana son ganin takardar rabon gado ta kotu, da sa hannun kowane magaji, har matan da ke aure a wani gari, har wanda ke wakiltar marayu ƙanana. Na taɓa bin wani gida wata uku, an gama magana har an sa ranar biya, sai ga wata ƙanwarsu ta zo daga Zariya ta ce ita ba a taɓa gaya mata ba. Allah ya taimake ni ban ba da ko sisi ba, kuɗin lauya kawai na yi asara, kuma wallahi ban ji zafinsa ba.

Na biyar, ka duba ginin da idon wanda zai gyara

In da hali ka ga gidan da damina, Agusta ko Satumba. Gidan rani duk kyau gare shi. Wuraren da ke gefen kogin Kaduna irin su Kigo Road da Rafin Guza da wasu sassan Tudun Wada da Nasarawa an san su da ambaliya, ka duba bangon maƙwabta ko akwai layin da ruwa ya bari, don mai sayarwa zai yi wa nasa fenti amma ba zai yi wa na maƙwabci ba. Ka zo da injiniya ko tsohon magini, ya hau silin ya ga katako da kwano, ya duba tsagewar bango, ya buɗe sokawe ya ga ko guda ɗaya ce ƙarama aka haɗa wa gida uku. Ruwa fa, rijiya ce ko bohol, tana ƙafewa a watan Maris ko Afrilu? Mita kuma ka karɓi lambarta a duba ko akwai tsohon bashin wuta a kai.

In akwai 'yan haya a ciki ka gana da su, ka ga rasit ɗinsu. Wani mai gidan yana jin zai sayar sai ya karɓi hayar shekara biyu gaba, kai ka shigo ka tarar babu abin da zai shigo maka har wata 20 alhali banki ya fara cira. Duk abin da aka karɓa gaba a cire shi daga kuɗin gida, a rubuta.

Na shida, ciniki da biya

Banki zai turo mai ƙiyasta darajar gida, kuma a kan ƙiyasinsa za su ba da kuɗi ba a kan abin da kuka yi ciniki ba, in ya ce 27 kai ka saya 30 cikon ukun naka ne. Bayan kuɗin gida akwai la'adar dillali wadda yawanci kashi 5 ake magana kuma ana ragewa in ka yi ciniki tun kafin a nuna maka gidan, akwai lauya, kuɗin neman amincewar gwamna da rajista da hatimi, inshora, da cajin bankin kansa. Ni dai ina cewa mutum ya ware kamar kashi 10 na farashin don waɗannan, in ya yi saura ya shiga gyara. Kafin alƙalami kar ya fita sai binciken lauya ya dawo, kuma a rubuta cewa in banki bai amince ba za a dawo maka da shi. Komai ta banki, zuwa asusun mai sunan da ke kan takarda, ba na ɗansa ba, ba na dillali ba.

Na bakwai, raba komai kafin kowa ya shigo

Yawancin faɗan gidan haya wuta ne da ruwa da shara da yara. Kowane sashe mitarsa ta kati daban. Injin jan ruwa a san layin da yake kai da yadda za a raba kuɗinsa, in da hali kowa da tankinsa. In za ka iya fitar wa sashenka ƙofa daban ko ka ja ɗan katanga, yi, matarka za ta gode maka, don zama da 'yan haya a tsakar gida ɗaya ita ce za ta sha shi kana wurin aiki. Wani abin kuma, kai ka ɗauki sashen da ya fi ƙanƙanta ko ya fi tsufa in iyalinka za su iya, ka bar masu kyau su kawo kuɗi, shekara uku huɗu in abubuwa sun daidaita sai ka koma babban. Mutane ba sa son jin wannan, wai mai gida a boskwata.

Na takwas, wa za ka ba

Ba wanda ya fara zuwa da kuɗi a leda ba. Ka san aikinsa, ka san inda ya taso da dalilin tashinsa, ka nemi wanda zai tsaya masa, ka kuma sanar da mai unguwa saboda yanayin tsaro. A rubuta yarjejeniya ko da shafi biyu ne, kuɗi nawa, yaushe, mutum nawa za su zauna, wa ke gyaran me, ba a ba wani haya a ƙarƙashi ba, da notis nawa za a bayar in za a rabu. In ba a rubuta ba, abin da aka saba a doka mai biyan shekara notis ɗin wata shida ne, bayan ya ƙare a ƙara na kwana bakwai, sannan kotu. Cire ƙofa ko kwano ko yanke wa mutum wuta don ya tashi, kai za ka koma mai laifi.

'Yan uwa kuwa, hmm. Ranar da aka ji ka sayi gida za a kira ka, "Yaya ga Sani zai yi aure bai samu wuri ba", ko Kawu da kansa ya zo har gida. Ka shirya amsarka tun yanzu, ka ce Kawu gidan nan ba nawa ba ne tukuna, na banki ne, ga takardar abin da suke cira duk wata. In kana son taimakon Sani ka ba shi gudummawar kuɗi ya kama a wani wuri, ya fi maka sauƙi a kan ka kai ƙaninka kotu, wanda ka san ba za ka iya ba.

Na ƙarshe, kuɗin shekara da bashin wata

Nan mutanen kirki suke zamewa. Haya a Kaduna dunƙule take zuwa sau ɗaya a shekara, banki kuma duk wata yake cira daga albashinka. Alat na dubu 900 ya shigo ana saura sati biyu Sallah, ga rago ga ɗinkin yara ga kuɗin makaranta, sai ka ce bari in ɗan taɓa zan mayar. Buɗe asusu daban wanda babu katin ATM a kansa kuma ba ya cikin wayarka, duk haya can za ta faɗa, ka ba banki umarnin duk wata su turo maka daidai abin da aka cire na bashin. Ka yi ƙoƙari hayar sassan kar ta riƙa ƙarewa a wata ɗaya, ɗaya a Janairu ɗaya a Yuli misali, yadda in wani ya tashi ɗayan na riƙe da kai. Kuma kafin ka karɓi makulli ka tabbata akwai biyan wata shida a ajiye a wannan asusun, a misalinmu wajen dubu 775 kenan. Kuɗin ƙasa na KADGIS duk shekara shi ma daga nan zai fita, da kuɗin mai kwashe sokawe, da sumon jan ruwa da zai ƙone a tsakiyar zafin Afrilu ɗan haya ya ƙwanƙwasa maka ƙofa ƙarfe shida na safe.